Bindigar Aiki da Barewar Baba

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Na iso Tudun Wada da la'asar. An ba ni hutu saboda jikin Baba. Bindigar aiki na taho da ita cikin buhu, mu 'yan tsaron sa-kai kowa da tashi yake kwana. Na tura ta ƙarƙashin gado.

Baba ya rame. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, amma ana jin maganarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi duk abin da ɗa ke yi. Ban ji komai ba. Matata Wasila ta ce tun da na shiga aikin dajin nan na koma kamar turmi, inda anka aje ni nan za a iske ni. Ban yi mata musu ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ba ya cin komai. Kunu ya tofar, fura ya kau da kai. Likita ya ce in bai ci ba, magani ba abin da zai yi. Yau Wasila ta matsa mashi, sai ya ce romon barewa yake so. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana maharbi, to me zai so? Bindigarsa ta toka ta tsage tun bara waccan, ba ta harbuwa.

Na ce ai ina da bindiga. Ya ce in kawo ya gani.

Ya shafa ta da hannun hagu, ya sa na ciro mashi harsashi ɗaya. Ya daɗe yana jujjuya shi.

"Gazali, wagga ba ta nama ba ta. Ta mutane ta."

Wai dalmarsu ta maharba in ta bugi dabba bajewa take yi, ta kada ita nan take, mutum ya iso da wuƙa ya yanka. Wannan kuwa an sa mashi rigar ƙarfe, ga tsini, hudawa zai yi ya wuce kamar allura a zane. Na ce Baba, wannan daga nan tana kai Ƙofar Rini. Ya ce nisa ba shi ne farauta ba, ya rufe ido.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Lawwali abokin aikina ya kira. Na ba shi labari, ya yi ta dariya. "Bindigar da ke fasa ƙofar mota ita barewa za ta gagara? Tsufa ne kawai." Ni ma haka na gani.

Mutane suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wai na gaji Baba. Ban gaje shi ba. Ni harbi kawai anka koya mani.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na je ƙauyen Kwalkwalawa, wurin Baba Na'Allah, abokin farautar Baba tun suna samari. Ya ce barewa ta yi wuya yanzu, amma da zafin nan akwai biyu da ke zuwa shan ruwa a wani tafki can arewa. Ya dubi buhun. "Mi tsohonka yac ce da yag gan ta?" Na faɗa mashi. Ya ce to, gobe in zo da asuba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Munka aje babur nesa, munka ƙarasa da ƙafa. Rana ta ɗan ɗaga sai ga ta, ita ɗaya. Baba Na'Allah ya yi mani alama in bari ta matso. Ban bari ba, ina ganinta sarai. Na yi bismillah na ja kunama.

Ta yi tsalle, ta zauna kan ƙafafun baya, ta miƙe ta shige sabara. Na same ta, wannan ko tantama babu. Amma da munka je wurin, ɗigon jini biyu ne kawai a kan rairayi. Baba Na'Allah ya fara bin sawu. Na bi shi har rana ta take, na ce ni na gaji. Ya ce maharbi ba ya barin abin da ya raunata. Na ce ni ba maharbi ba ne, ga mara lafiya a gida. Haka munka juyo, munka rabu.

Na biya kasuwa na sayi cinyar akuya. Na ce wa Wasila ta cika yaji. Ta dube ni, ta karɓa.

Da magariba ta kai wa Baba romon. Cokali bai kai bakinsa ba ya kau da kai.

"Ka harbe ta?"

"Na harba."

"Ta hwaɗi?"

Na dubi kwanon da ke hannun Wasila.

"Tana can tana jiranka. Koma."

Na ce Baba, jikinka. Ya ce shi yana da masu juya shi, ita wa take da shi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na koma. Bindigar na bar ta a gida, wuƙar Baba kawai na ɗauka. Baba Na'Allah bai ce mani ai na faɗa maka ba, ya sa takalminsa.

Shi ya nuna mani yadda take jan ƙafar hagu, da wuraren da ta kwanta ta sake tashi. Duk inda ta kwanta ƙasar ta jiƙe kaɗan. A wurin aiki ba mai bin sawu. In an harba an wuce, abin da ya gudu ya gudu, ban taɓa tambayar inda suke ƙarewa ba.

Munka iske ta ƙarƙashin geza, da ranta. Huda nan, huda can ta ɗaya gefen, kowace ɗan yatsa ba zai shiga ba. Ciki ya kumbura, ƙudaje sun rufe idonta. Ta gan ni, ba ta ko yunƙura ba. Tun jiya da hantsi take haka.

Na juya ta alƙibla. Baba Na'Allah ya dafa mani hannu, na yanka. Tausayi ya kama ni, kuma na ji kunya. Na manta rabon da in ji ko ɗaya daga cikinsu.

Rabin naman ya ɓaci, munka yar. Ƙafar gaba da wuya munka kawo.

Litinin, 14 ga Afrilu

Wasila ta dafa. Baba ba ya iya haɗiya yanzu. Ta ɗiga mashi a leɓe, ya lasa, ya lumshe ido.

"Wagga ita ta. Kai kay yanka?"

Na ce ni ne. Ya riƙe mani ɗan yatsa da hannun hagun har barci ya ɗauke shi. Sauran romon maƙwabta sunka sha.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Baba ya cika bayan sallar asuba. An kai shi da hantsi. Allah ya jiƙan shi.

Talata, 29 ga Afrilu

Masu gaisuwa sun ragu. Ina zama ɗakinsa da rana, ban san dalili ba. Wasila ta ce jiya ta ji ni ina magana ni kaɗai. Wataƙila.

Lawwali ya zo da babur, wai hutu ya ƙare, ana nemana. Ya tambaya ko bindigar ta yi aiki a farautar. Na ce ta yi irin nata. Na jawo buhun na ba shi, na ce ya riƙa mani, ƙafata ke ciwo, sai ta yi sauƙi.

Na raka shi har bakin titi, ban ko ɗingisa ba. Ya dubi ƙafar, ya tada babur.