Baƙon Mahaifinmu Na Ɗaure Kan San Da Ƙanina Ya Kawo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe tukuna, na san halin wasunku, layi biyu za su karanta su hau zagi. Zagin ma na cancance shi, sai dai ba shi ya kawo ni yau ba.

Ni ɗan Maigatari ne, shekarata talatin da takwas, sana'ar gidanmu fatomanci. Ga wanda bai sani ba, fatoma shi ne mai masaukin baƙin da ke kawo dabbobi kara, wato kasuwar dabbobi, a gidansa suke sauka, shi ke tsaya musu wajen ciniki, sunansa kuma shi ne shaidarsu. In aka ga sa a cikin garken baƙon gidan wane, ba mai tambayar inda ya fito. Haka na gaji sana'ar daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na gaje ta har da baƙinsa. A cikinsu akwai wani dattijo Bafulatani, zan kira shi Baffa Jaɓɓi duk da ba sunansa ke nan ba, tun ban san kaina ba yake sauka a zaurenmu. Da damina yana can arewa cikin Nijar da shanunsa, in an yi girbi ya gangaro wajenmu. Ranar da Baba ya rasu, da ƙafa ya taso daga daji don ya samu jana'iza.

Wata bakwai da suka wuce, ana gab da shuka, wata Laraba da la'asar na dawo gida na tarar da wani baƙin sa ɗaure a bayan gidanmu. Ƙanina, bari in ce masa Nafi'u, ya ce na wani abokinsa ne daga wajen Gagarawa, sayarwa zai yi. Washegari Alhamis ranar kasuwa, da safe Nafi'u ya roƙi Baffa, wanda ya sauka a gidanmu da shanun sayarwa, ya haɗa san cikin nasa ya kora kara. Baffa ya zagaya san, ya ga hancinsa a huje, wuyansa ya yi kanta saboda karkiya, sai ya ce, "Wannan ai san huɗa ne. Wa ke sayar da san huɗa ruwa na shirin sauka?" Nafi'u ya yi dariya ya ce mai shi ne matsala ta taso masa. Baffa ya juyo ya dube ni, ni kuma ina zaune ina shan kokona, na ce, "Ba komai Baffa, kora kawai." Ni ma na ga hancin nan, na ga wuyan nan, a cikin shanu na tashi. Kawai ban so in tsaya bincike da sassafe ba ne.

Kafin azahar mai sa ya bayyana a kara shi da 'yan uwansa, ashe kwana biyar suna bin kasuwanni suna cigiya. Ba na ganin laifinsa, talaka ne aka raba da abin nomansa. Amma abin da aka yi wa Baffa a wurin nan ba zan manta ba. Kafin 'yan sanda su iso an fasa masa baki, ana ta ihun ɓarayin ƙetare, har da mutanen da suka sha cin riba a shanunsa. Aka tafi da shi, aka haɗa da Nafi'u don igiyar tana hannunsa. A ofis Nafi'u ya ce shi dillali ne kawai, baƙo ya ba shi ya sayar. Kawunmu ya zo da mai unguwa, suka ce yaron nan ɗan gari ne, an san ubansa an san kakansa, kafin magariba yana gida yana cin tuwo. Ni kuma da aka tambaye ni dattijon nan ɗan ina ne, sai na ce baƙonmu ne, mutumin Nijar ne. Wallahi ba da mugunta na faɗa ba, haka muke ce wa duk wanda ya ɓullo da shanu ta arewa. Aka rubuta, na sa hannu.

Sai daga baya babban ɗan Baffa yake gaya mini ai a wata ruga kusa da Sule Tankarkar, nan cikin Najeriya, aka haifi Baffa, kabarin mahaifinsa ma yana can. Shekara da shekaru muna cin abinci kwano ɗaya ban taɓa tambayarsa ba. Ba shi da katin ko'ina, a nan da ya nemi takardar shaida an ce masa shi ba ɗan nan ba ne, can kuma ɗan Najeriya suke ce masa. To maganata ce ta zauna a fayil. Da aka je kotu aka ce baƙon haure ne, in an sake shi da ƙafa zai tsallake iyaka, don haka belinsa sai mai gida a gari ya ajiye takardar gidan, a haɗa da ma'aikacin gwamnati. Na bi ma'aikata sun fi goma, wasu tare muka yi firamare, da sun ji Bafulatani ne kuma an ce ɗan ƙetare sai su ce in yi haƙuri. Gidanmu kuma na gado ne ba a raba ba, takardar tana cikin akwatin mahaifiyarmu, Inna ta ce ba za ta fita ba. Tun daga nan sai ɗage zama ake yi, yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe ba motar kawo fursunoni, Baffa na can gidan yari.

Na tsare Nafi'u a ɗakina na ce sai ya gaya mini gaskiya. Ya yi ta rantse-rantse, daga ƙarshe ya fashe da kuka ya ce ya san na sata ne, abokin ne ya kwanto shi, shi kuma ya san in ya kai da kansa za a tambaye shi, a garken Baffa kuwa ba mai tambaya. Abokin ya gudu kudu tun ranar. Na kai maganar gaban Inna, nan gida ya kama da wuta. Ta ce in na buɗe baki aka ɗaure mata auta ba ta yafe mini ba, ta tuna mini matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, ga hawan jininta ita kanta. Kawu kuwa cewa ya yi ai Bafulatanin daji ne, ko bai saci wannan ba ba a rasa wanda ya taɓa sata. Na ji kamar in shaƙe shi, sai kuma na tuna ni ma na sha faɗin irin wannan a majalisa ana dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baffa da kansa ya ƙi magana. Duk sanda aka tambaye shi wa ya ba shi san, sai ya ce a garkensa aka gan shi kawai. Akwai wata lauya mai taimakon marasa gata da ta karɓi shari'ar, ta ce mini ƙarara in ba a samu shaidar da zai faɗi yadda san ya shiga garken ba, ɗauri za a yanke masa, kuma a shekarunsa ba lallai ya fito da ƙafarsa ba. Ta ce ta lura na san wani abu. Satin jiya na je duba Baffa, ƙafafunsa sun kumbura, mutumin da bai saba kwana a bayan ƙofa ba. Da na leƙa masu jiran shari'a a sashensu, yawanci irinsa ne, Fulani da Buzaye da ba mai zuwa musu. Na ce masa zan faɗi gaskiya, sai ya riƙe hannuna ta tsakanin ƙarafa ya ce, "Ɗan Alhaji, fiye da shekara talatin ina cin tuwon gidanku. Bakina ba zai kawo ɗan abokina nan ba, kai ma kada ka yi." Na ce, "To Baffa kai fa?" Ya ce, "Allah na nan."

Zama na gaba ranar Talata ne, lauya ta sa sunana cikin shaidu. In na faɗi gaskiya Nafi'u zai shiga inda Baffa yake, wataƙila har da ni, Inna kuma ban san ko za ta ɗauka ba. In na yi shiru tsoho zai ƙare a can kan abin da bai ji ba bai gani ba, kuma ni na ce masa ya kora. Ba na iya cin abinci, sallah ma sai in rasa raka'a nawa na yi. Ina jin tsoro, ina kuma jin kunyar kaina.

Iyalin Baffa sun gangaro bayan girbi, ba su san yadda san ya shiga garkensa ba, su a ganinsu mu ne masu ɗawainiya da shi. Jiya matarsa ta zo har gida da ƙwaryar man shanu, ta durƙusa gaban Inna tana godiya, tana cewa ba don gidan nan ba da ba su san inda za su sa kansu ba. Inna ta karɓa ta sa albarka. Da shi aka yi miyar yau, kwanona yana nan a rufe ban iya taɓawa ba.

Malamai da lauyoyin da ke zauren nan, da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, me zan yi? Shin hanin da Inna ta yi mini ya hau kaina a wannan wuri? Akwai hanyar da zan fitar da Baffa ba tare da na miƙa ƙanina ba? In kuma babu, ku gaya mini gaskiya kada ku lallashe ni, ranar Talata in an ɗora mini Alƙur'ani wa zan bari a ciki?