Ɗana Ya Ce Yatsana Ya Ɓata Ruwan Teku

Mai Fili, ka taimake ni, baƙin ciki zai ƙarasa ni. Shekaruna saba'in da takwas, tsohon akawun jirgin ƙasa ne ni a Ƙauran Namoda. Matata ta rasu, ƙafa ta ƙi, ɗa ɗaya gare ni, Muhtari. Aikinsa wai auna dalma da tagulla a ruwan teku da na'urar lantarki.

Watan jiya ya biyo gida da kwalabe goma na ruwan teku a akwatin ƙanƙara, zai kai ɗakin bincike. Ni da na yi shekara talatin ina rubuta takardun kayan da ake kaiwa Ikko, ban taɓa ganin teku ba. Sai na buɗe ɗaya, na tsoma yatsa, na ɗanɗana. Yaron nan ya daka mini tsawa gaban maƙwabcina Malami, wai na gurɓata ruwan, ba shi da sauran tsarki. Hannun da nake alwala da shi! Tun kafin a ƙaddamar da Shari'a a Gusau na san najasa. Na rantse ba zai sake kwana gidana ba. Bayan Sallah zai shiga jirgin ruwa, wata takwas. Bai rubuto ba, ni ma ba zan fara ba.

Tsoho mai fushi, Ƙauran Namoda

AMSA

Baba, Allah ya huci zuciyarka. Tsawa ga mahaifi gaban mutane laifi ne, babu aikin da zai wanke shi.

Amma tsarkin da yake nufi ba na alwala ba ne. A irin wannan awo ana sa lantarki ya tara ƙarfen da ke narke cikin ruwa a kan ɗigon zaiba, sannan a karanta yawansa. Ƙarfen kaɗan ne ƙwarai, har abin da ke maƙale a yatsa mai tsabta zai iya fin na kwalbar duka. Komawa tsakiyar teku a sake ɗebowa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Firgita ya yi, ya kuma zaɓi mummunar kalma.

Rantsuwarka tana da kaffara, ciyar da miskinai goma ya wadatar. Ka yi ta. Ka rubuta masa layi biyu, ka faɗi ɓacin ranka, ka ce ya zo Sallah. Mai yiwuwa kunya da rantsuwar ne suka hana shi rubutowa. Wata takwas ba kaɗan ba ne ga mai saba'in da takwas, Baba. Gobe ka ba wani direban mota takardar ya kai masa. Allah ya ƙara lafiya.