Juma'ar Rowan

Zuwa ga yayata Tamsin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki Graeme da 'yan biyunku. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada da kike ta kuka da shi. Mu nan Doncaster lafiya lau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Maigidana Callum yana kan hanya da babbar motarsa, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Ɗanmu Rowan kuwa tun da ya cika shekara uku bakinsa ya buɗe, ko limamin coci bai kai shi surutu ba.

Yaya, na samu aiki! Asibitin haƙorin nan na kusa da kasuwa ne suka kira ni, suna son mai taimaka wa likita Litinin zuwa Juma'a, kuma suka ce in ba su amsa kafin wata ya ƙare. Tun haihuwar Rowan nake zaune a gida, kin san kuwa yadda nake ƙishin komawa aikin nan. Hankalina kwance yake, don na ji gwamnati tana biyan awa talatin a mako a gidan rainon yara, na ɗauka magana ta ƙare. Sai da na zauna gaban shugabar gidan rainon, wata Misis Pickering, sannan na gane wautata. Ashe awoyin na makonnin da makarantu suke buɗe ne kawai, alhali haƙoran mutane ba su san hutun makaranta ba. Abincin rana da 'yar fitar da ake yi da yara kuma daga aljihunmu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, wai kowace uwa da murmushi take shigowa ofishinta, da ta ji bayani sai ta nemi shayi mai sukari cokali biyu. Nawa uku na sa.

Matar kirki ce dai. Ta ce za a iya shimfiɗa awoyin su ratsa shekara duka, amma na kowane mako za su ragu, mu cika sauran. Muka yi ta juya maganar ni da Callum a waya. Da cikon da za mu iya, Litinin zuwa Alhamis sun rufu. Juma'a ce ta tsaya mana a wuya, asibitin kuma sun ce ko kwana biyar ko a ba wata. Gaskiya na yi kuka, har na fara shirya yadda zan ba su haƙuri.

Za ki ce me ya hana ni roƙon Baba ya riƙe mana Rowan ran Juma'a. Kin san gidanmu, ko rufi ya faɗo mana a ka, lafiya lau za mu ce, har mu ba rufin haƙuri. Kuma tun rasuwar Mama ba ya son ganin kowa, daga gida sai ɗan lambun da yake haya a bayan gari. Ran Lahadi na je gaishe shi, na dai ambaci zancen sama-sama tsakanin hirar ruwan sama da tsadar man shanu. Shi kuwa sai ya ce shayina yana hucewa. Na koma gida ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin kaina.

Ranar Juma'a da safe sai ga Baba a ƙofa, riƙe da 'yan takalman roba na shiga taɓo, jajaye, daidai ƙafar Rowan. Wai araha ya gani a kanti, kada in ɗauka wani abu ne. Wai kuma dodon koɗi sun addabi kabejinsa, yana neman ɗan ƙwadago mai gajeren tsayi da zai riƙa tsince su duk ranar Juma'a, amma ya gaya mini tun yanzu, albashin bisket ne, kuma malalaci korarsa zai yi. Duk wannan bayani bango yake kallo. Ni ma na ce to, tun da yana cikin matsala, zan ba shi aron yaron.

Suna fita na kira asibitin na ce na karɓa. Ran Litinin zan fara.

Da yamma na je ɗauko Rowan. Na same shi taɓo har kunne, yana cin bisket a rumfar lambun, ƙafafunsa na lilo a kan kujerar Mama, wadda Baba bai bar kowa ya zauna a kanta ba tun da aka yi jana'iza. Baba yana tsugune a gabansa yana cire masa takalmi, yana dariya har da tari. Da ya gan ni sai ya murtuke fuska, ya ce kada in kuskura in gaya miki, za ki ce ya tsufa ya yi laushi. To, ga shi na gaya miki.

Ki gaida Graeme, ki rungume mini Isla da Fergus. Gwaggo Maureen tana gaishe ki, Callum ma haka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Bryony