Inda Hannun Baba Ba Ya Kaiwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai abu ɗaya da ya ɗaure mini kai har na rasa ta inda zan fara.

Jikin Baba ne. Tun bayan rasuwar Inna da ya dawo wurinmu da zama, fatarsa take bushewa. Ƙafafu furu-furu, hannuwa sun yi kaushi, in ya cire riga sai ki ga wani farin gari yana zuba a kan zanin gado. Ga susa ba dare ba rana, har jikin ƙofa yake goga bayansa in ya ɗauka ba mai kallonsa.

Kin san ni, wankin mota ne sana'ata, idona ba ya ganin fari-fari a jikin abu ya ƙyale. Na ce datti ne ya zauna. Na sayo masa soso mai kaushi da sabulun da muke wanke tayoyin mota da shi, mai kumfar nan, na sa ana tafasa masa ruwa safe da rana da yamma. Yaya, abin sai ya ƙaru. Yanzu har tsattsagewa yake yi.

Matata ta tsorata, ta ce kada ya zama cuta mai yaɗuwa ce, ga jaririya a gida. Ta ware masa tawul da kofi, ta daina miƙa masa yarinyar. Ban ga laifinta ba, amma kin san Baba da jikarsa. Jiya ya miƙo hannu zai karɓe ta, sai ya tuna, ya mayar da hannun aljihu. Wallahi sai da na fita waje.

Ki gaya mini abin yi. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Baba mota ne? Ka ji tsoron Allah! Saura ka ɗora shi a kan rami ka wanke ƙarƙashinsa da mesa.

Na tambayi maƙwabciyata mai aiki a kemis. Ta ce fatar tsoho dama maiƙonta ya ragu, ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi kuma su kwashe ɗan abin da ya rage. Wato abin da kake kira datti fatar mahaifinmu ce kake kankarewa. Ka jefar da soson nan. Wanka sau ɗaya ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada ya daɗe a ciki, da sabulu marar ƙamshi. In ya fito kada ya dirje jiki da tawul, ya ɗan daddanna kawai, ya shafa mai mai kauri tun jikin da sauran lema. Riga ta auduga, a kawar da fanka daga kansa, ya riƙa shan ruwa. Inda ya tsage kuwa, likita zai gani, ba ni ba, ba kai ba.

Abin da ni ma ban gane ba shi ne, duk tsawon rayuwarmu ban taɓa ganin Baba yana susa ba. Tsufan ai ba bana ya fara ba. Me ya canja?

Ka gaida matarka, ka ce ta kwantar da hankalinta. Ka shafa mini kan jaririya.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na sha faɗan, na kuma gode. Da fatan an huce.

Duk na yi yadda kika ce. Mun je wurin likita, ya duba, ya ce bushewar fata ce kawai, ba ta yaɗuwa, a ci gaba da shafa mai. Ƙafafu sun warke. Hannuwa sun yi sumul, har ƙeyarsa sheƙi take yi. Amma bayansa, Yaya, daga tsakanin kafaɗu zuwa saman ƙugu, ya fi da lalacewa. Na hango ta taga yana sa riga, duk sawun susa ne, wani wurin har da jini.

To ki gaya mini, wace irin bushewa ce mai zaɓen wuri? Mai ɗaya, ruwa ɗaya, mutum ɗaya. Na tambaye shi ko yana shafa man, ya ce yana shafawa, kuma kwalbar tana raguwa da gaske. Na canja katifa. Na canja kujerar da yake jingina. Na wanke rigunansa da hannuna na ɗauraye har ruwan ya fita fes. Wani abokin aikina ya ce ƙwari ne a bango, na yi feshi. Babu abin da ya sauya.

Matata ta ce in da bushewa ce da ta warke tare da sauran jikin, wataƙila likitan bai duba da kyau ba. Ni ma zuciyata ta fara raya mini haka. Baba kuma ya ji mu. Yau da safe na tarar ya ɗaure kayansa a jaka. Wai ƙarshen wata zai koma tsohon gida ya zauna shi kaɗai, kada ya shafa wa yarinya wani abu. Gidan da ko maƙwabcin kirki babu yanzu! Na roƙe shi, ya ce ya gama magana. Ke yake jin maganarki, ki rubuto masa.

Ƙaninki da kansa ya kulle,
Auta

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki da jikokina, takardarki ta iso, na kuma fahimci abin da ke cikinta.

Ki daina yi wa ƙaninki faɗa. Yaron nan ya yi iya ƙoƙarinsa, matarsa kuma uwa ce, dole ta ji tsoro. Komawata ita ce maslaha.

Kin tambaye ni ko ina shafa man a ko'ina. Ina shafawa duk inda hannuna ya kai. Kafaɗar nan tawa, tun zamanin da nake kan keken ɗinki ta riƙe, ba ta juyawa baya. Can dama ba ni nake shafawa ba. Mahaifiyarku ce, Allah ya jiƙanta, kullum in na fito wanka kafin ku tashi. Tana yi tana mita, wai bayana ya fi tebur faɗi. Ban taɓa sanin yana hana wani abu ba, na ɗauka halinta ne kawai.

Wannan ba abin da mutum zai nema a wurin ɗansa ba ne, balle surukarsa. Kada ki gaya masa.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki

*

Auta,

Salam. Ga takardar Baba na haɗo maka. Ya ce kada in gaya maka, to ban gaya maka ba, karantawa za ka yi da idonka. Ka nuna wa matarka ma.

Na yi kuka, na kuma ji haushin kaina. Ɗakina ne ke manne da nasu, kullum da safe ina jin Inna tana cewa, "Juya mana, Malam, ka tsaya wuri ɗaya." Na girma ina zaton gwajin riga suke yi.

Kada ka tambaye shi, zai ƙi. Ka jira ya fito wanka, ka shiga da kwalbar, ka rufe ƙofa. Kuma don Allah a hankali, ba goge gilashi za ka yi ba.

Yayarka

*

Yaya,

Salam. Na shiga. Ya kalle ni, ya kalli kwalbar, ya ce, "Yayarka ba ta riƙe magana." Na ce, "Baba, juya mana." Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya.

Na fara shafa masa man a baya. Da na kusa gamawa sai ya ce, fuskarsa na kallon bango, "Ita daga hagu take farawa."

Yau mako ya zagayo. Bayansa ya fara laushi, jinin ya tsaya. Matata da kanta ta mayar da kofinsa cikin namu, ta ɗora masa jaririya a cinya. Jakar dai tana nan a ɗaure a bayan ƙofa, bai kwance ba, ban kuma tambaya ba. Amma yau na makara, ina ɗaura takalmi zan fita aiki, sai na ji ya buɗe ƙofar ɗakinsa kaɗan, ya yi gyaran murya.

Na cire takalmin. Daga hagu na fara.

Sai na ji daga gare ki.

Auta