Rasuwar Laftanar Sake-Faɗa, da Roƙonmu a Kan Sajensa

Cikin alhini, da gajiyar da muka daina iya ɓoyewa, Ƙungiyar Tsofaffin Malaman Makarantar Horar da Ƙananan Hafsoshi ta samu labarin rasuwar ɗalibinmu, jarumi, haziƙin hafsa, Laftanar da sojojinsa ke kira Sake-Faɗa, wanda Allah Ya karɓi ransa a bakin aiki sakamakon kwanton ɓaunar da aka yi wa ayarinsa. Mu da furfura ta gama da mu mun zaci ɗalibanmu ne za su rubuta tamu ta'aziyyar, sai ga shi kullum mu ke rubuta tasu.

Marigayin bai taɓa ba da umarnin fita aiki daga kan kujera ba. Durƙusawa yake yi a bayan ɗakin makamai, ya share ƙasa da tafin hannu, ya shimfiɗa igiyar takalmi ta zama kogi, ya jera murafun kwalba su zama sojoji, sannan ya bi aikin daki-daki: ina abokan gaba suke, wa zai bi ta ina, wa zai karɓi ragama idan shi ya faɗi. In ya gama sai ya nuna wanda ya fi kowa hamma, ya sa shi maimaitawa tun daga farko. Har ƙorafi yaransa suke yi wai gwiwoyinsu sun fi bindigoginsu shan aiki.

Ranar da abin ya faru, ya ajiye tsakuwa a matsayin wata tsohuwar rijiya, ya ce idan an tarwatse a haɗu a can, a jira zuwa tsakar rana, daga nan Saje ya kwashe mutane ya tafi, ko da shi kansa ne bai iso ba. Ya sa Sajen ya maimaita wannan, a gaban kowa. Aka buɗe musu wuta, na'urar sadarwarsu ta oba-oba ta mutu, kowa ya lallaɓa ya kai rijiya, har masu rauni, ban da Laftanar. Saje ya jira har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, sannan ya tafi da su, shi ya sa masu raunin suka isa asibiti da rai.

Mun ji abin da ake raɗawa a zaman makoki, wai Saje ya gudu ya bar ubangidansa. Wannan magana ta yi mana ciwo ƙwarai, domin mu muka koya wa marigayin irin wannan umarni.

Muna addu'ar Allah Ya gafarta masa, Ya bai wa mai girma mahaifinsa, da mahaifiyarsa, da uwargidansa haƙurin jure wannan babban rashi. Muna kuma roƙon Baba alfarma guda. Tun ranar jana'iza Saje ke zuwa bakin layinku, ya tsaya jikin shagon mai walda da hula a hannu, ya kasa ƙarasowa. A taimaka a aika a shigo da shi. Umarnin ɗanku ya bi, kuma yanzu ba wanda ya rage da zai sallame shi daga wannan tsayuwa sai ku.

Sa hannu:
Manjo mai ritaya,
Kakakin Ƙungiya, a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi