Bakin Yaya Pyo Zai Watsa Mana Ƙungiya

Gwaggo Mi-ran, ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni ne shugaban wata 'yar ƙungiyar masu hawan dutse a nan Daegu. Duk Lahadi mukan hau, mu baje tabarma a sama, mu ci abinci, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ni na kafa wannan doka, ina kuma alfahari da ita, don ni da Yaya Pyo Man-su mun sha barkonon tsohuwa tare muna ɗalibai, saboda a bar mutane su yi magana.

To, yanzu bakin Yaya Pyo ne matsalar. Tun da ya yi ritaya ba shi da zance sai baƙi: su suka cika gari, su suka ɓata yara. Alhali cikinmu akwai Thuy, 'yar Vietnam, matar abokinmu Seok-ju, wadda ɗanta ke aikin sojan ƙasar nan yanzu haka. Ranar nan a gabanta ya ce duk wanda ba a binne cibiyarsa a nan ba, to ya yi shiru in 'yan ƙasa na magana. Yana faɗa yana tauna naɗin shinkafar da ta kawo! Ta daina zuwa, mijinta ma haka, wasu mata suka bi su. Da na ja shi gefe, sai ya ce lallai na zama irin gwamnatin da muka yi wa bore. Maganar ta soke ni, Gwaggo. Mutumin nan shi ya goya ni ranar da aka fasa min kai. In na taka masa birki, ban ci amanar kaina ba?

Shugaba Mai Ciwon Kai, Daegu

*

Ranka ya daɗe, Shugaba,

Sannu da mulkin kama-karya! Ban taɓa jin gwamnatin da duk makamanta sandar dogarawa ce da gorar ruwa ba. Kwantar da hankalinka, ba ka da kurkukun jefa kowa.

Dokar da kake tsoron karyawa ai ta riga ta karye. Ka ce kowa ya yi magana, yanzu wa ya rage yana yi? In Yaya Pyo yana da ra'ayi kan yawan baƙi, ya faɗa, a yi masa musu har shayi ya huce. Amma cewa mutum ya rufe baki saboda inda aka haife shi, wannan shi ne ainihin abin da aka fasa maka kai a kansa.

Kada ka kore shi dai. Tsoho ne da aiki ya sallama, tabarmar nan kaɗai ta rage masa majalisa. Ka kai shi cin miya ku biyu, ka zuba masa abin sha da hannu bibbiyu, ka faɗa masa a fili. Zai yi fushi. Wanda ya iya goyonka zai iya ɗaukar gaskiya.

Sannan ka je gidan Thuy. Ban da cewa ta yi haƙuri, ta yi da yawa. Ka tambaye ta me ta so faɗa ranar nan, ka yi shiru har ta gama. Zai yi maka wuya, na sani, shugabanni ba su saba ba.

Ina maka fatan ƙarfin gwiwa, ta hawa da ta zuciya.

Gwaggo Mi-ran