Ni na kashe ɗorawar Goggo, ita kuwa kanta take zargi

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni malamin daji ne a yankin Bagwai, aikina hana sare ɗanyen itace. A gonarmu ta gado akwai wata tsohuwar ɗorawa. Da aka raba gado gonar ta faɗa hannun yayana, amma bishiyar ta Goggo ce, ƙanwar mahaifinmu, don tun kakanmu na raye ya ba ta. Ba ta da ɗa ba ta da miji, da kalwar bishiyar nan take yin daddawa ta ci abinci. Ita ta goye ni bayan rasuwar Innarmu.

Kun san yadda shekarun nan suka zo. Albashi ya yi ta maƙalewa, geron da iyalina ke ci daga rumbun Yaya yake fitowa. Wata rana yana auna min ya ce, “Ɗorawar nan inuwarta ta cinye min kunyoyin shuka da yawa, ga masu gawayi na so. Ba ni izini mana.” Na ce doka ta hana ɗanye, sai busasshe. Ya ce, “To ya ake yi ɗanye ya bushe?” Da na yi shiru ai da shi ke nan. Amma bakina da bai san gidansu ba ya faɗa masa dabarar da nake kama mutane a kanta: a tone gindin, a sassaƙe ɓawon a zagaye, a mayar da ƙasa. Wallahi har dariya muka yi. Wane irin mutum ne ke dariya a kan abincin wadda ta goye shi?

Yaya kuwa ya je ya aikata. Bana ɗorawar ba ta yi fure ba, rassan sai karyewa suke. Yaya ya kai maganar ofis, ogana ya ce in je in duba, in ta mutu in shafa mata jan fenti a sare.

Shekaranjiya Goggo ta zo gidana da ƙafa, da ƙullin daddawa a bakin zani. Ta ce, “Ungo, ta ƙarshe ce. Ɗan nan, ku da kuka yi karatun itace, babu wani magani a ofishinku?” Na kasa haɗa ido da ita. Sai ta rage murya ta ce, “Ni na san laifina. Bara da abu ya yi tsanani ban fitar wa maƙwabta sadakar kalwa ba kamar yadda na saba. Allah ne ya karɓi abinsa.” Ashe tun da ganyen ya fara zuba take azumi tana istigfari, tsohuwar da ko a tsaye jiri ke ɗibarta.

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, Yaya ya rufe min rumbu, zumunci ya watse. In na yi shiru za ta ci gaba da neman gafarar zunubin da ni na aikata. Gwangwanin fentin yana nan ɗaure a babur ɗina, daddawar kuma matata ta jefa a miya na kasa ci.

Jama’a, ku dubi Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?